A daina ce-ce-ku-ce kan rufe iyaka, a duba halin Adre

Ya Edita,

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojojin ƙasar da dakarun kar-ta-kwana na RSF, dubban ɗaruruwan mutanen Darfur suka tsallaka gabashin Chadi, akasarinsu ta garin Adre. Masu cewa a rufe iyaka suna da abin faɗa: hatsi ya yi tsada, itacen girki ya yi wuya, rijiyoyi ba sa isa. Amma Yarjejeniyar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969 ta hana mayar da mai gudun hijira inda ransa ke cikin haɗari.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsarin karɓa. Da farko a yi rajista a bakin iyaka, a ware masu makami daga farar hula, a yi wa yara rigakafin ƙyanda. Sannan a kwashe jama'a zuwa sansani mai nisa da iyaka kafin damina, domin da zarar koramu sun cika, manyan motoci ba sa wucewa.

Ruwa kuwa, ma'aunin gaggawa lita 15 ne ga mutum a rana. Idan ya gaza, mata sai su koma ɗiban ruwan kududdufi. Ga ƙarancin masai, shi ya sa ciwon hanta nau'in E ya ɓulla a Adre a 2024. Kuma duk burtsatsen da za a haƙa, a haƙa wa 'yan gari nasu, in ba haka ba rikici a bakin famfo zai fara.

Wassalam.