Zuwa ga aminina, kan wuyanka da bayan 'yarka

Assalamu alaikum mutumina,

Ina fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Saƙonka ya iso, har da gorin da ka yi mini na shiru. Kai ma ai ba don wuyanka ya sanƙare ba, da ban ji ɗuriyarka ba bana, saboda haka mun yi kunnen doki, kada na ƙara jin ƙorafi.

Ka tambaye ni yadda na yi nawa ciwon ya lafa. Ba allura aka yi mini ba, ba kuma man zafin nan da kake laftawa har abokan aiki su watse ba ne. Wata likitar gashin ƙashi ce ta zaunar da ni, ta ce kan babban mutum ya kai kimanin kilo 5, kuma 'yan ƙasusuwa 7 ne kawai a wuya suke ɗauke da shi, su da tsokar da ke kewaye. Idan kai na zaune daidai bisa kafaɗu, babu wahala. Da ka sunkuya kan waya, sai aiki ya koma kan tsokar ƙeya. Akwai wani likitan ƙashin baya a Amurka, Kenneth Hansraj, da ya yi lissafi a 2014 cewa in kai ya sunkuya digiri 60, nauyin da wuya ke ji ya kusa kilo 27. Lissafin kan talakawa ne fa wannan. Naka sai an sake awo.

Abin da ta fara koya mini: ka zauna a miƙe, idonka na kallon gaba, ka ja haɓarka baya kamar wanda aka miƙo wa abu mai wari. Kada ka duƙar da kai, baya kawai zai zame. Ka riƙe daƙiƙa biyar, ka saki, ka maimaita sau goma. Sannan ka matse allunan kafaɗunka su nufi juna ba tare da ka ɗaga kafaɗun sama ba.

Amma ka ga, ba wuyanka ne ya sa na zauna rubutu ba. 'Yarka ce, wato babbar 'yata. Mamanta ta lura duk rigar da ta sa sai ta zame gefe guda, kafaɗar dama ta ɗara ta hagu tsawo. Kakarta ta ce jakar makaranta ce, ta yi ta faɗa da mu kan littattafai. Da muka je asibiti, likita ya sa yarinyar ta haɗe ƙafafu, ta sunkuya hannuwa na reto, ya kira ni na tsaya a bayanta. Wallahi mutumina, haƙarƙarin dama ya tasa ya fi na hagu, ƙuru-ƙuru, abin da in tana tsaye ba za ka taɓa gani ba. Gabana ya faɗi. Ita kuwa sai tambaya take ko ta miƙe haka nan, don babu inda ke mata ciwo.

An ɗauki hoton ƙashi. Bayan nata ya karkata gefe, kuma ya ɗan murɗe, murɗewar ce ma ke tura haƙarƙarin waje. Suna auna karkatar ne a kan hoton da wata hanya da Dakta John Cobb ya fito da ita a 1948. In ta kai digiri 10 an shiga layin masu larurar karkacewar baya. Daga wajen 25 zuwa 40, in yaro bai gama girma ba, akan sa masa rigar roba mai tauri ta riƙe jikin. In ta haura 45 zuwa 50, sai a fara zancen tiyata. Tata ba ta kai 25 ba, alhamdu lillahi. Abin da ke hana ni barci shi ne yanzu take tsakiyar miƙewa, kuma likita ya ce a lokacin saurin girma ne karkatar ke ƙaruwa, ta fi kuma yi wa 'ya'ya mata haka. Ya wanke jakar makaranta tas, ya ce mafi yawan irin wannan ba a san musababbinsa ba. Kakar dai har gobe ba ta janye ƙararta ba.

Yanzu tana yin wani motsa jiki da ake kira tsarin Schroth. Wata Bajamushiya ce, Katharina Schroth, wadda ita kanta ta yi fama da karkacewar baya, ta kafa shi a 1921. Na raka yarinyar na ga yadda ake yi. Ana tsayar da ita gaban madubi a gyara mata tsayuwa, ƙugu nan, kafaɗa nan, sai likitar da ke koya mata ta ɗora tafin hannu a gefen da ya lotsa ta ce, "Ja numfashi ki ture hannuna." Da farko yarinyar dariya take yi, wai ta yaya mutum zai aika iska gefe ɗaya. Yanzu kuwa kana ganin wurin yana buɗewa. Abin da ya sa na yarda da likitar nan, ba ta yi mana alkawarin baya zai miƙe sambal ba. Ta ce burin shi ne a hana shi ƙaruwa, tsoka ta yi ƙarfi, tsayuwa ta gyaru, a riƙa sake hoto ana bibiya. Masu ba da shawara kuwa sun yi mana caa. Har da wanda ya ce a kawo ta ya danna bayan ya yi ƙara sau ɗaya, shi ke nan. Na ce masa na gode.

Af, ka ji labarin abokinmu mai gilashin nan? Shi ma wuya. Ya sayo abin ɗaure wuya na soso ya maƙala, ko barci da shi yake yi, ya ƙi cirewa tun da ya gano ana tashi a ba shi kujera. Na faɗa masa barin sa kullum sangarta tsoka yake yi, ya ce hassada nake. 

Ƙanen yarinyar ma ya zama mataimakin likita, yana bin ta da "miƙe kafaɗa", har sai da ta kai ƙararsa.

Kai kuma, kafin ka fara komai, in ciwon yana sauka hannu, ko yatsu na mindirewa, ko abu na suɓuce maka, ko tafiyarka ta fara tangaɗi, bar atisayen nan ka je likita ya duba ka tukuna. Kuma don Allah ka sa maman yara ta duba bayan 'yan matanka biyu yadda na kwatanta, musamman ta biyun da ka ce ta fara zarce yayarta. Minti ɗaya ya isa. Ka rubuto mini abin da kuka gani, ka haɗo da hoton teburin aikinka, don ina zargin kwamfutar taka a ƙasa take, kana leƙa ta.

A gaida mutan gida.

Naka,
Amininka