Hoton gajimaren Ƙaguwa ba zanen kwamfuta ba ne

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na ji daɗin hoton gajimaren Ƙaguwa, wani gajimaren iska da ke can cikin taurari, da kuka buga a shafin kimiyya. Sai dai raina ya sosu da na ji mutane suna ta cewa ai kwamfuta ce ta zana shi. Ni ma ina ɗaukar irin waɗannan hotuna da ƙaramin madubin hangen nesa, don haka a ba ni dama in ce wani abu.

Abin da ke cikin hoton tarkacen tauraro ne da ya fashe. Masana taurari na ƙasar Sin sun rubuta cewa a shekarar 1054 wani sabon tauraro ya bayyana, wato hasken wannan fashewar, har kwana 23 ana ganinsa da rana tsaka, kuma wani likita na Bagadaza, Ibn Butlan, shi ma ya ambace shi. Hasken gajimaren kan yi kimanin shekara 6,500 kafin ya iso mana. A sama yana cikin rukunin taurari ɗaya da Kaza da 'ya'yanta, a tsakiyarsa kuwa akwai ragowar zuciyar tauraron tana juyawa kusan sau 30 a daƙiƙa ɗaya.

To me ake yi da kwamfuta? Hasken yana da rauni ƙwarai, hoto ɗaya ba ya nuna komai sai ɗigo-ɗigo. Shi ya sa ake ɗora madubin a kan na'urar da ke bin juyawar duniya, a yi ta ɗauka, kowane hoto na 'yan mintoci. Sai a rufe bakin madubin a ɗauki baƙin hoto, domin a gane dattin da kyamarar kanta ke haifarwa a cire shi. Daga nan manhaja irin Siril, wadda kyauta ce, ta jera hotunan a kan juna. Hasken gaskiya yana nan a wuri ɗaya cikin kowannensu, dattin kuwa yana sauya wuri, sai ya dusashe. Hoto ɗari kan ba da tsabta ninki goma a kan hoto ɗaya.

Inda masu shakka suke da gaskiya shi ne launi. Iskar haidurojin ja take haskawa, oksijin kuma kore mai sirkin shuɗi, amma wasu masu ɗaukar hoto kan sauya launukan domin a bambance iskokin, wasu kuma su cika ƙawa har abin ya wuce gona da iri. A ganina wannan ba laifi ba ne muddin an faɗa.

Roƙona shi ne duk hoton da za ku buga ku rubuta a ƙasansa wanda ya ɗauka, awa nawa aka tara, da ko launin na asali ne. Ku kuma sanar da matasa cewa daga Disamba zuwa Janairu wannan yanki na sama yakan hau tsakiya da dare, sai dai a jira daren da hazon hunturu ya lafa, a fita bayan gari nesa da fitilu.

Mai karatunku,
daga Zariya.