Zuwa ga Malamin da yake tantama ko na taɓa karanta Blanchot

Malam, salamu alaikum. Na ga tambayar da ka jefo min a bainar jama'a, wai tunda kullum bakina na kan marubucin Faransa Maurice Blanchot in faɗa maka littafin da za a fara da shi, "in har ka taɓa buɗe ko ɗaya". Wannan wutsiyar da ka liƙa ce ta sa na zauna rubutu, da tambayar ce kawai ai layi biyu ya isa.

To ranka ya daɗe, fara da L'Instant de ma mort na 1994. 'Yan shafuka ne, kafin shayinka ya huce ka gama. Saurayi ne wani laftanan Nazi ya tsayar a ƙofar gidansu a 1944 za a harbe shi, sai rikici ya ja hankalin laftanan, ashe sojojin da ke riƙe da bindigogin 'yan Rasha ne, suka bar shi ya sulale daji. Blanchot ɗin kansa ya sha da kyar a irin wannan halin a shekarar, kuma kusan duk abin da yake ta juyawa a kai game da mutuwa da rubutu yana cikin wannan ɗan labarin. Daga nan sai L'Arrêt de mort na 1948, inda wata mata da ake kira J. take jinya a 1938 lokacin rikicin Munich, wato taƙaddamar ƙasashen Turai da Hitler kan wani yankin Czechoslovakia, ta cika, mai ba da labarin ya kira sunanta ta farfaɗo na ɗan lokaci. Wannan ma a bangon littafin na gani ko Malam?

In ka tsallake waɗannan biyun lafiya, sai Le Livre à venir na 1959, sharhi ne kan su Proust da Borges da Beckett, nan ya fi sauƙin bi don akwai marubucin da yake magana a kai. Bayan shi sai ka karanta L'Espace littéraire na 1955. Amma don Allah ka rabu da L'Écriture du désastre na 1980 tukuna, guntayen zance ne, kuma shi ne wanda mutanenka suka fi yankowa suna mannawa a Facebook don a ce masu ilmi.

Batun rubutun da ya yi a jaridun masu tsattsauran ra'ayi a shekarun 1930 da ka kawo kamar ka tono asiri, gaskiya ne kuma sananne ne. Shi ɗin dai yana cikin waɗanda suka tsara takardar mutum 121 a 1960 ta goyon bayan masu ƙin zuwa yaƙin Aljeriya. A karanta duka biyun.

Abin da ke ci min rai shi ne yanzu ba a tambaya don a sani, ana yi ne don a kunyata mutum jama'a su yi dariya, alhali a cikinku akwai masu cika takardar digiri da sunan masana falsafar Faransa irin su Derrida da Foucault kuma ba su taɓa riƙe littafinsu ba, ɗalibai kuma su kwafa a wuce a haka. Ban ce kai ba ne, Allah ya tsare ni.

Ƙaramin littafin, L'Instant de ma mort, yana wajena da Faransanci, in kana so aiko yaro ya karɓa. Amma a dawo min da abina, na san halinku da littafin aro.