Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Taraba Kan Zaizayar Ƙasa a Tsaunin Mambila

Mai Girma Gwamna, Dakta Agbu Kefas,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ranka ya daɗe, ƙasar Mambila tana bin ruwa, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Duk wanda ya hau tsaunin daga Serti da damina, ya wuce Maisamari da Nguroje har Gembu, zai ga rafuka sun rine sun yi jajir. Wannan jan da ake gani, ƙasar noma ce da ta kiwo take gangarawa kogin Donga. A gefen tudu kuwa, sawun shanu ya yi hawa-hawa kamar matakala. Inda burtali ya bi gangare kai tsaye, ruwa ya mayar da shi hanyarsa, har ya zama kwazazzabon da saniya ba ta iya tsallakewa.

Ƙasar nan ba a banza aka same ta ba. Duwatsu ne ruwa da ɗumi suka yi ta ci a hankali, shekaru aru-aru, har suka rududduge suka zama jar ƙasa mai zurfi. Zurfin ne ke ruɗar mutane. Albarkar tana cikin ɗan baƙin da ke sama. In ya tafi, abin da ya rage tsami gare shi, ko an zuba taki masara ba ta yin kirki. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya (FAO) ta ce yakan ɗauki har shekara 1,000 kafin a samu santimita 2 zuwa 3 na irin wannan ƙasa. Damina ɗaya ta isa ta kwashe shi daga gangaren da aka ƙone ciyawarsa da rani, ko aka yi wa kunya daga sama zuwa ƙasa. Ga kuma ramukan masu haƙar dutse mai daraja a Mayo Sina.

Manomi na cewa shanu ne, makiyayi na cewa noman gangare ne, wasu na ɗora laifin kan itacen zaiti. Kowa da gaskiyarsa, amma musu ba ya ƙarewa in babu awo. Kuma duk lokacin da ƙasa mai kyau ta ragu, rigimar fili ke ƙaruwa. Ba mu manta da jinin da aka zubar a 2017 ba, Allah kada ya maimaita mana.

Roƙona shi ne gwamnatinka ta ɗauki nauyin bincike mai ɗorewa. A kafa ma'aunan ruwan sama a garuruwan tsaunin, a riƙa auna lakar da rafuka ke ɗauka kowace damina, a zana taswirar gangaren da ke barazanar zaftarewa. A ba Jami'ar Jihar Taraba ragamar aikin, ɗalibanta 'yan yankin su yi. Dajin Ngel Nyaki da ke kan tsaunin ya nuna cewa abin mai yiwuwa ne: masana daga jami'ar Canterbury ta New Zealand sun shafe sama da shekara 20 suna bincike a wurin tare da matasan ƙauyen Yelwa da ke kusa da dajin. Batun kuɗi kuwa, Taraba na cikin shirin ACReSAL da Bankin Duniya ya ware wa dala miliyan 700 a 2021, kuma farfaɗo da ƙasar da ta lalace ne aikinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne kada sakamakon ya kwanta a ofis a Jalingo. A kai shi gaban ardo da jauro da masu unguwanni, da Mambilanci da Fulatanci da Hausa. A keɓe gonakin gwaji kusa da kasuwanni, inda manomi zai ga bambancin kunyar gicciye da layin ciyawar jema da idonsa, makiyayi kuma ya ga tudun da aka hutar shekara biyu.

Ina roƙon a sa wannan aiki cikin kasafin kuɗin baɗi, a kafa ma'aunan kafin ruwan farko ya sauka.

Naka mai biyayya,
Wani malamin makaranta daga Ƙaramar Hukumar Sardauna