Wayar da muka ƙwace daga hannun yaro

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu. Maganar tawa za ta yi tsawo, a yi mini afuwa. Shekara uku ke nan tana cina a rai, sai kwanan nan na kama bakin zarenta.

Sana'ata cajin waya da tura fina-finai. Shagon ba wani babba ba ne: kwamfuta ɗaya, janareta ɗaya, sai bencin da samarin unguwa suka mayar majalisa. Mai irin wannan sana'a yakan kalli fim fiye da yadda yake so, domin dole ka leƙa abu kafin ka tura wa ɗan mutane. Wata rana ina laluben fina-finan Johnny Depp, saboda yaran nan ba sa gajiya da shi tun da ya fito a ɗan fashin teku, sai na ci karo da wani gajeren fim mai suna The Black Ghiandola. Na ɗauka shirmen zombi ne, matattun nan da ke tashi suna bin mutane da cizo. Kuma shi ɗin ne. Amma da na bi diddigin wanda ya yi shi, ranar tun kafin la'asar na rufe shago.

Sunan yaron Anthony Conti, ɗan Amurka, shekararsa 16. Ciwon daji ya kama shi a wata 'yar tsoka da ke zaune a saman ƙoda, wadda ke fitar da sinadaran da jiki ke amfani da su idan mutum ya firgita ko ya shiga matsi. Irin wannan daji ba kasafai ake ganinsa ba, a cikin mutum miliyan bai wuce ɗaya ko biyu yake kamawa a shekara ba. Nasa ya kai mataki na huɗu, wato ya riga ya bar inda ya fara ya bazu. Yaron kuwa burinsa yin fim. Akwai wata gidauniya a can mai suna Make A Film Foundation, wadda Tamika Lamison ta kafa, aikinta haɗa yara masu ciwo mai tsanani da ƙwararrun masana'antar fim domin su shirya nasu. Da shi aka rubuta labarin, shi ne kuma jarumin. Daraktoci uku suka karɓi aikin: Sam Raimi da Catherine Hardwicke da Theodore Melfi. Ban da Depp, akwai Laura Dern da David Lynch da J.K. Simmons, wanda masu kallo za su tuna a matsayin editan jaridar nan mai masifa a fina-finan Spider-Man (ba da kai nake ba, ranka ya daɗe). An ɗauki fim ɗin cikin 'yan kwanaki a watan Nuwamban 2016. Anthony ya rasu a farkon 2017. Sai a watan Afrilun shekarar aka yi bikin haska shi a yankin Los Angeles, mai fim ɗin ba ya duniya.

Labarin ba shi da wuyar faɗa. Saurayi ne da zombi suka hallaka danginsa, ya saida ransa don ya ceci yarinyar da ya kamu da sonta. In don labarin ne, na ga irinsa ya fi a ƙirga, kuma ba zan ce wannan ya fi su tsari ba. Sunan ne ya kayar da ni. Kalmar ghiandola da Italiyanci tana nufin irin wannan 'yar tsoka mai fitar da sinadari. Mafi kusa da ita a bakinmu ita ce kaluluwa. Baƙar kaluluwa ke nan. Yaron ya ɗauko ainihin abin da ke cinsa daga ciki ya rubuta shi a goshin fim ɗinsa. Daga nan kallon ya sauya mini. Abin da ba ya jin lallashi, ba ya gajiya, yana ta ƙaruwa yana cin mai rai, ai ba sai an gaya wa wanda ya taɓa jinyar mai daji ko mene ne wannan ba. Abin da na gani shi ne ɗan shekara 16 ya san sarai me ke tafe, bai tsaya jiran manya su yi masa bayani ba, ya nemo hanyar da zai faɗa da bakinsa, kuma ya zaɓi ya fito a matsayin mai ceto, ba wanda ake ceta ba.

Yanzu bari in faɗi dalilin rufe shagon.

Ɗan ƙanwata ya rasu yana da shekara 15, yana aji huɗu na sakandare. Kumburi ne ya fara masa a gwiwa. Muka ce targaɗen ƙwallo ne, aka kai shi wurin mai ɗori. Da abin ya ƙi, aka ce daji ne, kuma daji ba ya son allura, sai muka shiga jiƙe-jiƙe da shafe-shafe. Kafin mu je babban asibiti wata bakwai sun wuce. Likita ya ja ni gefe ni da mahaifinsa, ya ce dajin ƙashi ne, kuma hoto ya nuna ya taɓa huhu. Nan take, a tsaye a barandar, muka yanke shawarar ba za a gaya wa yaron ba. Haka muka taso muka ga ana yi. Ana ganin faɗa wa majinyaci tamkar yanke masa ƙauna ne daga rahamar Allah.

Shi wannan yaro a shagona ya girma. Tun bai kai tsawon kanta ba yake zama kusa da ni, har ya fi ni iya yanka bidiyo da haɗa shi a waya. Shi da abokansa uku sukan shirya 'yan wasannin barkwanci a bayan makarantar allo, shi ne darakta, shi ne mai kyamara, shi ne mai faɗa in wani ya yi dariya a inda bai kamata ba. Da ya kwanta, muka lura yana raba dare yana latsa waya. Masu zuwa dubiya suka fara magana, wai yaro yana wannan hali an bar shi da waya maimakon carbi. Ni da hannuna na karɓe ta. Bayan kwana biyu ya ce mini, "Kawu, a dawo mini da wayata, akwai abin da ban gama ba." Na ce masa, "Ka bari ka warke tukuna." Na faɗi haka ina sane da abin da likita ya gaya mini a baranda. Bai yi musu ba, ya dai dube ni ya juya fuskarsa bango. Sai a makonsa na ƙarshe na mayar masa, lokacin da hannunsa ba ya iya riƙe kofi.

Bayan sadakar uku na buɗe wayar. Na tarar da gajerun bidiyo goma sha ɗaya da ya ɗauka daga kan gado: silin, fanka, ƙafafun masu wucewa, robar ƙarin ruwa tana ɗiga. A ƙarƙashin katifarsa kuma mahaifiyarsa ta tsinci littafin makaranta, ya cika shafi tara da labarin wani gola mai ƙafa ɗaya wanda ƙungiyoyi ke rububinsa, saboda duk ɗan wasan da ya zo buga masa fanareti sai kunya ta kama shi ya buga waje. Wasan dariya ne, kuma wallahi da ban dariya. Ya raba wa abokansa rawar da kowa zai taka, ya ajiye golan wa kansa. Mu kuwa maganar yanke ƙafa sau ɗaya aka taɓa yin ta a ɗakin, cikin raɗa, muna zaton barci yake. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mun yi wata biyar muna ɓoye masa abin da ya riga ya mayar wasan kwaikwayo.

Shi ya sa fim ɗin yaron Amurka ya yi mini abin da ya yi. Ba hawayen tausayin baƙo na yi ba. Na ga abin da ɗan ƙanwata ya so ya yi ne, an bar wani ya yi.

Na san abin da wasu masu karatu za su ce, domin ni ma na faɗa da bakina a lokacin: wanda ajali ya kusanto, istigfari ya kamace shi, ba wasa ba. Ban ja da wannan ba. Amma yaron nan bai bar salla ba ko da a kwance, kuma yini awa ashirin da huɗu ne, mai ciwo kuwa ya fi kowa sanin tsawon dare. Malamai suna karantar da mu hadisin da aka ruwaito daga Anas ɗan Malik, yana cikin Musnad na Imam Ahmad da Adabul Mufrad na Bukhari, cewa idan Alƙiyama za ta tsaya alhali a hannun ɗayanmu akwai dashen dabino, in zai iya dasawa kafin ta tsaya, to ya dasa. Ni ba malami ba ne, ba kuma fatawa nake bayarwa a kan fim ba. Abin da na fahimta kawai shi ne kusantowar ƙarshe ba ta zama dalilin karɓe wa mutum abin da ke hannunsa. Wani yaron burinsa ya sauke Alƙur'ani, wata ta ɗinka riga da kanta, wani ya ga filin jirgi. Gidauniyar Make-A-Wish, wadda ta yaɗu a ƙasashe da yawa, ta samo asali ne a 1980 a jihar Arizona daga wani yaro ɗan shekara bakwai mai dajin jini da ke son zama ɗan sanda. 'Yan sandan suka ɗinka masa kaki daidai jikinsa. Tambaya ɗaya aka yi masa, wato me yake so, wadda mu ba mu yi wa namu ba.

Akwai abin da bai kwanta mini ba a lamarin Anthony, kuma gara in faɗa. Manyan sunaye sun so su rufe shi. Ni kaina ta hanyar Depp na same shi, kuma da babu taurarin nan da wuya labarinsa ya iso shagon caji a arewacin Najeriya. Hakan na iya sa mutum ya ɗauka sai da Hollywood ake cika wa yaro buri. Ɗan ƙanwata bai nemi tauraro ba. Wayarsa ya nema, wadda gilashinta ma a fashe yake, da abokansa uku, da wanda zai tura shi a keken guragu zuwa bakin raga na rabin awa.

Kuma mu wannan magana ta fi shafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara da matasa kusan 400,000 ne ke kamuwa da ciwon daji duk shekara. A ƙasashe masu arziki sama da kashi 80 cikin ɗari suna warkewa, a yawancin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kuwa ba su kai kashi 30 ba. Gyaran wannan yana wuyan hukuma da asibitoci, da mu iyaye masu kai yara a makare, kamar yadda muka yi. Amma kafin a gyara, gidaje da yawa a cikinmu za su zauna da yaron da likita ya riga ya ja babansa gefe. Watannin nan da suka rage masa, nasa ne. Mu mun mayar da su zaman jira.

Ga roƙona gare ka, ranka ya daɗe. Jaridu da gidajen rediyo da shafukan Facebook suna yawan kawo neman taimako ga marasa lafiya, kuma Allah ya saka, mu ma da irin wannan muka biya kuɗin allurai bayan mun sayar da fili. Sai dai dubi yadda ake yi: hoton ciwo a buɗe, yaro ba riga, uwa tana kuka, lambar asusu a ƙasa. Ana jin ta bakin uba, ana jin ta bakin likita, shi mai ciwon ba a tambayarsa ko da sunan ƙungiyar ƙwallon da yake goyon baya. Idan wakilinka ya je irin wannan aiki, ya nemi izinin yaron kafin ya ɗauki hotonsa, ya bar shi ya sa rigarsa, sannan ya zauna ya tambaye shi me yake son yi. A buga amsar tare da lambar asusun. Mai yiwuwa cikin masu karatu akwai tela, ko direba, ko mai kyamara, wanda ba shi da dubu hamsin amma yana da yini guda.

'Yan Kannywood da matasan da ke shirya barkwanci a TikTok su ma ina da magana da su. Da yawansu suna kai ziyara asibitoci da buhunan shinkafa, ana ɗaukar hoto, ba laifi. Amma abin da suka fi kowa iyawa shi ne fim. Darakta ɗaya da mai haɗa hoto ɗaya sun isa su zauna da yaro su ji labarinsa, su ɗauka da shi, a sa sunansa a farko, nasu a ƙarshe.

Ni dai na fara da abin da ke gabana. Abokan yaron uku yanzu sun gama sakandare. Watan jiya na kira su shago na ba su littafin, suka karanta suna dariya, can sai ɗaya ya tashi ya fita waje. Sun ce za su ɗauka bayan damina, in filin ya bushe. Har yanzu suna gardamar wanda zai tsaya a raga, kowa ya ce ba shi ba. Ƙanwata ta ce a yi, amma kada a nuna mata sai ta tambaya.

Na gode da ba ni fili.

Naka,
Mai shagon caji, daga Zariya