A yashe Gunti Yena tun kafin ruwan farko

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A taimaka mana da fili mu yi maganar Gunti Yena, ƙoramar da ta ratso Yamai daga arewa, ta bi ta kusa da filin wasa na Seyni Kountché, ta faɗa kogin Isa daf da gadar Kennedy.

Bayan Yamai ta zama babban birni a 1926, Turawan mulki sun mai da kwarin nan iyaka: su a unguwar Filato ta yamma, 'yan ƙasa ta gabas. A da sai da damina ƙoramar take gudu. Yau ko da rani ba ta ƙafewa, sai dai ruwan wanki da wanka da na masai ne ke malalowa daga unguwanni.

Ruwan saman da Yamai ke samu a shekara yawanci bai wuce milimita 500 zuwa 600 ba, amma cikin wata huɗu yake zuba, da ƙarfi. Yakan kwaso yashin titunan da ba kwalta. Leda ta maƙale a bakin ƙananan gadoji, yashi ya kwanta bayanta, kafin Agusta hanyar ta cike, ruwa ya koma gidajen mutane.

Yashe ƙoramar aikin Afrilu da Mayu ne. A fara daga bakin kogi a yi sama, domin in aka buɗe sama alhali ƙasa na toshe, an ƙara wa na ƙasa ambaliya ne kawai. Abin da aka yaso kuma a kwashe shi da mota. Tulin da ake bari a gefe, ruwan farko ke mai da shi ciki. A sa ragar ƙarfe gaban kowace gada, a riƙa share ta bayan kowane ruwa, in ba haka ba ita ma madatsa ce.

Masu garka a bakin ƙoramar kuwa, ba korarsu za a yi ba. Saiwoyin shukarsu da itatuwansu ke riƙe gaɓa. Amma da ruwan ƙoramar suke ban ruwa, salati kuma ɗanye ake ci. Su tara ruwan a rami ya kwana, ƙwan tsutsar ciki ya kwanta, su ɗebi na sama ba tare da dama laka ba. A zuba a gindi, ban da ganye. A dakatar da ban ruwa kwana biyu zuwa huɗu kafin tsinka, kuma kada a wanke kayan kasuwa cikin ƙoramar.

Muna fata ma'aikatar magajin gari za ta fitar da kuɗin yasa tun watan Maris.

Wassalam,
Wasu masu aikin ruwa da tsaftar gari, Yamai