A gyara ma'aunin kafin a ce mana cima-zaune

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni ɗan fili in tanka wa gorin nan da ake mana kullum a soshiyal midiya, wai Legas ke tara kuɗin VAT, wato harajin da ake ɗorawa kan kaya da ayyukan da aka saya, mu 'yan Arewa sai dai mu miƙa hannu a rabon wata-wata na Abuja. Ni wallahi abin na min ciwo, don ma'aunin da ake awon da shi ne bai da kyau.

Mai shayi a Kawo ya sa katin MTN, ɗan gwanjo a Kasuwar Barci ya tura kuɗi banki ya cire cajinsa, magini a Rigasa ya sayi siminti, duk akwai VAT kashi 7.5 a ciki kuma daga aljihun mutumin Kaduna ya fita, amma da yake hedikwatar kamfanonin a Legas take can suke kai kuɗin, sai lissafi ya nuna kamar 'yan Legas ne suka biya. Masarar Saminaka kuwa da tumatirin da tireloli ke kwasa zuwa Kudu ba sa ma fitowa a lissafin sam, tunda ba a ɗora wa ɗanyen abinci VAT.

A kan rabon VAT ɗin nan ne gwamnonin Arewa suka zauna a nan Kaduna a Oktoban 2024 suka ce ba su yarda da sabon tsarin rabon da gwamnatin Tinubu ta gabatar ba. Dokar da Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025 ta ba jihohi kashi 55, a ciki za a raba kashi 30 bisa inda aka yi amfani da kayan. Madalla, to amma wa zai tabbatar kamfanoni na faɗin gaskiyar abin da suka sayar a kowace jiha? Ga kuma kashi 20 na yawan jama'a, alhali rabon mu da ƙidaya tun 2006.

Sannan mu ma a gida fa sai an auna. Ƙananan hukumomi 23 gare mu, kuma tun Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Ina roƙon jaridarku ta riƙa buga mana duk wata nawa aka tara a Birnin Gwari da Kauru da Sanga, nawa ya shigo musu, nawa aka kashe a asibiti da makaranta da titi in an raba da yawan mutanen wurin.

Naku,
Mai karatu daga Tudun Wada, Kaduna